Ranar da Buta Ta Kuɓuce Daga Hannun Dattijo

Ɗana, zauna in faɗa maka wata magana da ta daɗe tana cina a rai. Shekarun baya wani maƙwabcina, dattijo mai sayar da yadi, ya fito alwalar asuba, sai buta ta kuɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya kira matarsa, maganar ta fito kamar ta mai magagin barci, bakinsa ya karkace gefe guda. Kafin rana ta fito gida ya cika. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa ne daga abokan kasuwa. Aka turara hayaƙi, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, aka riƙa ɗura masa ruwa yana ƙwarewa. Ina tsaye a wurin ban ce a tafi asibiti ba, domin ni ma a lokacin ban san komai ba. Sai a kwana na uku aka kai shi. Ya ƙara shekara huɗu a duniya a kan tabarma, bai sake taka ƙafarsa zuwa masallaci ba. Har yau in na wuce ƙofar gidan nan sai in ji nauyin shirun da na yi.

Abin da ya same shi shanyewar ɓarin jiki ce, kuma tushenta a ƙwaƙwalwa yake. Ƙwaƙwalwa tana rayuwa ne da jinin da jijiyoyi ke kai mata, kamar yadda gonar rani ke rayuwa da ruwan kwata. Mafi yawan lokaci, wajen takwas cikin goma, gudan jini ne yake toshe jijiya, sai ɓangaren da take ciyarwa ya fara mutuwa. Sauran kuwa jijiyar ce take fashewa jini ya malala. Likitoci sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa a kowane minti ɗaya. Ka lissafa nawa ke nan a kwana uku.

Saboda haka ka riƙe alamun nan kamar yadda ka riƙe lambar wayarka. In ka ga mutum ya canza farat ɗaya, ce masa ya yi murmushi, ka duba ko gefe ɗaya na fuskar ya zube. Ce masa ya ɗaga hannayensa biyu, ka ga ko ɗaya yana sauka. Ce masa ya faɗi sunansa da na unguwarsa. Wani kuma gani ne zai ɗauke masa a ido ɗaya, ko ya kama tangaɗi ba dalili. Ko ɗaya daga ciki ka gani, duba agogo ka riƙe lokacin, sannan ka nemi mota, ko da adaidaita sahu ce. Likita zai tambaye ka yaushe aka ga marar lafiyar lafiyarsa ƙalau a karon ƙarshe, domin allurar da ke narkar da gudan jini tana da wa'adi, awa huɗu da rabi daga farawar ciwon. Ba kowane asibiti ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba, wadda ake kira siti sikan, don haka tun yau da kowa ke lafiya ka bincika ka san wanda ke da ita kusa da kai.

Kada ka ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu. Maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa, abin da ka ɗura sai ya gangara huhu ya zama wani ciwon na daban mai kisa. Kada mai kemis ya ba ka asfirin ka ba shi, domin idan jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin za ka yi, kuma ba mai iya bambance toshewa da fashewa sai hoto. In hankalinsa ya gushe, kwantar da shi a gefensa. Addu'a kuwa ba wanda ya hana ka, ni ma ita ce makamina, amma ka yi ta a cikin mota ana tafiya. Wanda ya halicci cuta shi ya sanar da likita ilmin maganinta.

Akwai kuma wadda ta fi ruɗin mutane. Hannu zai mutu, baki ya karkace, bayan minti goma komai ya dawo daidai, sai a ce gajiya ce, a yi hamdala a koma kasuwa. Wannan sallama ce babbar ta yi a ƙofar gida, kuma sau da yawa cikin 'yan kwanaki take shigowa. A je asibiti a ranar.

Wani lokaci bangon jijiya a cikin kai yakan yi rauni ya kumbura kamar bororon tsohuwar tayar keke. Mutum na iya yawo da wannan kumburi shekaru bai sani ba. Ranar da ya fashe, ciwon kai ne zai sauko masa lokaci guda kamar an sara masa gatari, irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, wuya ya sanƙare, amai ya biyo baya. Wannan ba ciwon kan Panadol ba ne. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna iya matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, ko su bi ta cikin jijiya su cike shi da siririyar waya, amma sai an kai musu mutumin da sauran numfashinsa.

Yanzu bari in zo inda na fi so ka ba ni kunnenka. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kusan tara cikin goma na wannan cuta a wurinmu hawan jini ne silarta. Hawan jini kuwa ba ya ciwo. Shi ya sa nake baƙin ciki da masu shan magani wata ɗaya su ajiye, wai sun ji sauƙi, ko wai kada jiki ya saba. Maganin nan riƙe jinin yake yi, ranar da ka sake shi ya koma inda yake. In awonka yana kai 140 bisa 90 ko fiye, ka zauna da likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, mu kuwa sai a zuba gishiri a miya, a marmasa magi huɗu, a kuma barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Binciken nan ya ga masu yawan cin ganye sun fi tsira, ga zogale da rama da alayyafo a bakin ƙofarmu. Ka bar taba, ka kula da sugarka, ka riƙa taka ƙasa da ƙafarka. In kuma kana da yaro mai sikila, ka sani su ma yara shanyewar tana kama su, ka tambayi likitansa gwajin gudun jini a jijiyoyin kai.

In kuma ta riga ta faru, kada ku naɗe hannu ku ce shi ke nan. Ƙwaƙwalwa tana koyon sababbin hanyoyi, kuma mafi yawan sauƙin a watannin farko ake samunsa, zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ku kai shi wurin masu gashin ƙashi, ku koyi motsin ku riƙa yi masa a gida kullum. Wanda ba ya iya juyawa, a juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya ci bayansa. Kada a ɗaga shi ta hannun da ya mutu, kafaɗar gocewa take yi. Maganin hawan jinin nan kuma yanzu ya fi da muhimmanci, don wadda ta zo sau ɗaya ta san hanya.

Kuma don Allah, ɗana, kada ku riƙa magana a kansa kamar ba ya nan. Da yawansu suna fahimtar duk abin da ake faɗa, kalmar ce ta ƙi fitowa. Maƙwabcin nan nawa yakan yi hawaye in 'ya'yansa suna shawarar shagonsa a gabansa ba wanda ya dube shi. In ya fara magana ka jira shi ya ƙarasa, kada ka ƙarasa masa. Da yamma ku fito da shi zaure ya ga masu wucewa, su gaishe shi da sunan da aka saba kiransa.