Tauraron Rijil da Iyakar Shaidar Ido

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kasuwa da gaban alƙali maganar tana da ƙarfi. A sararin samaniya kuwa tana da rauni. Tauraron Rijil, mai haske fari-shuɗi da ke fitowa a dararen hunturu can bayan Kaza da 'Ya'yanta, ido yana shaidar cewa guda ɗaya ne. Alhali aƙalla huɗu ne. Babban yana nesa da mu kimanin tafiyar haske ta shekara 860, zafin fuskarsa ya kai ninki biyu na rana, haskensa kuma ya ninka nata sau dubbai masu yawa. A 1781 masanin taurari William Herschel ya hango wani ɗan ɗigo a gefensa da na'urar hangen nesa, wanda babban ya fi shi haske kusan sau 400. Ɗigon nan taurari uku ne, kowanne ya fi ranarmu haske, amma maƙwabcinsu ya dusashe su kamar aci-balbal kusa da fitilar mota. Ido bai yi ƙarya ba, abin da ya iso gare shi ya faɗa. Mu ne muka ɗauki ƙarshen ganinmu a matsayin ƙarshen abin da ke akwai.

Wani zai ce ai na'urar hangen nesa ma ido ce, don haka gani ne dai ya gyara gani. Wannan ya yi daidai a kan abin da Herschel ya hango, amma biyu daga cikin ukun nan sun matsu da juna har na'ura ba ta raba su. An gane su ne da aka tsaga haskensu aka tarar layukan cikinsa suna karkata su dawo duk bayan kwana 10 ko ƙasa kaɗan, alamar jiki biyu na zagaya juna. Hankali ne ya yanke wannan hukunci daga alama.

To ko wannan ya zama hujjar gaskata duk wani abin ɓoye? A nan masu wa'azi da ilimin taurari kan yi gaggawa, a ganina. Ɓoyayyen tauraro ya bar sawun da musulmi da kirista da marar addini za su auna su sami amsa ɗaya. Gaibu da addini ke magana a kai ya dogara ne ga wahayi da amincin wanda ya zo da shi. Abin da Rijil ya rusa shi ne hujjar mai cewa "ban gani ba, saboda haka babu". Mai cewa "akwai" kuma har yanzu ana binsa bashin dalilinsa.