Bayan An Raba Masara

A farkon shekara ta 1994 gardama ta tashi a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla a arewacin Ghana, a kan cinikin zabuwa. Kafin wata ya ƙare wuta ta kama gundumomi bakwai. Konkombawa suna gefe guda, Nanumbawa da Dagombawa da mutanen Gwanja suna ɗaya gefen. Aƙalla mutum 2,000 suka mutu, aka ƙone ƙauyuka fiye da 400, waɗanda suka bar gidajensu kuwa sun haura 150,000. Har yau ana kiransa Yaƙin Zabuwa, ko da yake kowa ya san ba a kashe mutum dubu biyu saboda tsuntsuwa ɗaya.

Ƙungiyoyin agaji suka shiga da abinci da magani da barguna. Cikinsu akwai na masu bi, kamar Majalisar Kirista ta Ghana, da Catholic Relief Services, da World Vision. Tambayar da nake so mu duba, 'yan'uwa, ita ce wadda ta tare su bayan an gama rabo. Ƙungiyar da ta fito cikin sunan Almasihu, aikinta ya ƙare ke nan da ta ciyar da mayunwaci, ko kuwa wajibi ne ta tambayi abin da ya raba shi da gonarsa?

Masu cewa a tsaya a kan abinci ba wawaye ba ne. Suna cewa, ranar da ikkilisiya ta buɗe baki a kan wane ne mai ƙasa, ranar ce wani ɓangare zai rufe mata hanya, mota kuma ba za ta kai ga yaran da ke bayan shingen ba. Akwai kuma wani tsoro da mu mazauna Zongo muka fi kowa ganewa. Yawancin Dagombawa Musulmi ne, cikin Konkombawa kuwa akwai Kirista da yawa. Kalma ɗaya da ba a auna ba ta isa ta mai da rikicin ƙasa ya zama na addini, sa'an nan wutar ta biyo motocin doya har Aboabo da Asawase, inda muke shan ruwan famfo ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi. Na yarda da wannan har zuwa wani wuri. Wanda yunwa ke ci ba a tambayarsa kabilarsa, ba a kuma sa shi ya saurari wa'azi kafin a auna masa mudu. Mai yin haka ciniki yake yi.

Amma ga abin da ya hana ni tsayawa nan. A 1981 an riga an yi irin wannan faɗa tsakanin Konkombawa da Nanumbawa a wannan yanki. An binne matattu, an sāke gina ɗakuna, tushen maganar kuwa aka bar shi yadda yake. Konkombawa manoman doya ne masu yawa, amma tun zamanin Turawa aka sa su ƙarƙashin sarakunan wasu, a lokacin ba su da babban sarki nasu da hukuma ta sani, ba su da murya inda ake yanke maganar ƙasa. Su kuma masu sarauta suna ganin ƙasar gādonsu ce, baƙon da aka ba wurin noma yana neman ya ture mai gida. Shekara goma sha uku wannan ƙulli yana nan, sai zabuwa ta zo ta taɓa shi. Agajin da ya ciyar da mutum ya mai da shi cikin wannan hali, ya yi kirki, amma ya kiwata shi ne domin yaƙi na gaba.

Ku tuna da abin da ya faru a ikkilisiyar farko a Urushalima, cikin Ayyukan Manzanni sura 6. Rabon abinci ne ya kawo gunaguni, domin ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci. Manzanni ba su ce a ƙara gurasa a yi shiru ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, dukan bakwai ɗin kuwa sunayen Helenawa gare su. A ganina, waɗanda aka tsallake su aka ba ludayin. Kukan na abinci ne, maganinsa kuwa ya zama wurin zama a cikin shawara.

Kusan haka ƙungiyoyin nan suka yi, a nan garinmu. Suka haɗa kai, suka gayyato wata ƙungiyar sulhu daga Nairobi, wadda Hizkias Assefa, mutumin Habasha, yake jagoranta, tare da Emmanuel Bombande ɗan Ghana. Suka bi ƙauyuka suna neman mutanen da jama'arsu ke jin maganarsu, waɗanda kuma za su iya zama ɗaki ɗaya da abokin gāba. Daga 1995 aka riƙa kawo su Kumasi, nesa da kangayen gidajensu, ana zama ana tashi, har aka sa hannu a Yarjejeniyar Kumasi a watan Maris 1996. Ƙungiyoyin ba su yanke hukunci a kan wane ne mai gaskiya ba. Sun dai ƙi yarda a rufe maganar ƙasa da sarauta, sun kuma tabbatar wanda ba shi da kujera ya samu ta zama. Wannan ya bambanta da ɗaukar gefe. Abin da ya sa aka amince da su har aka zo, shi ne an ga motocinsu sun sauke buhu a kowane ɓangare tun farko.

Mu mutanen Zongo bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba. Fatake da yawa da suka watsu zuwa zangunan kudu, yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya tashe su daga kasuwar goro. A Nuwamba 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Tsofaffinmu suna ba da labarin mutanen da aka haifa a nan, suka sayar da gida a kuɗin banza, suka hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Waɗannan ba guzuri kaɗai suka rasa ba. Sun rasa wanda zai tsaya gaban hukuma ya ce su ma 'yan gari ne.

Yarjejeniyar ba ta warware kome da kome ba. A 2019 an sāke zub da jini a Chereponi tsakanin Konkombawa da Chokosi, a kan gona. Wanda ya rasa ɗa a 1994 kuma, takardar da aka sa wa hannu a Kumasi ba ta mayar masa da shi ba. Amma babban yaƙin bai dawo ba. Bombande kuwa, a 1998, yana cikin waɗanda suka kafa WANEP, ƙungiyar gina zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, mai hedkwata a Accra.