Wa Ake Yaudara Idan An Yi wa Na'ura Ƙarya?

Duk lokacin da waya ko kwamfuta ta nemi wani shafi a intanet, takan haɗa buƙatar da 'yan layukan bayani a sama: sunan shafin da ake nema, irin manhajar da ke nema, wani lokaci har da adireshin da buƙatar ta fito. Kamar rubutun bayan ambulan ne, wanda ɗan aike ke dubawa ba tare da ya buɗe wasiƙa ba. Jami'o'i da bankuna da kamfanonin waya da gwamnatoci kan girke wata na'ura a tsakani, wadda ake kira furoksi, ta riƙa duba wannan rubutu. Wani ta bar shi ya wuce, wani ta tare shi, wani kuma ta ce sai ya kawo kalmar sirri. Sai dai mai aikawa shi ke rubuta bayanin da hannunsa, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama. Idan mai gadin ya cika yarda, ƙarya ɗaya ta isa ta buɗe ƙofa.

Masu yin haka suna da hujjar da suke kawowa: na'ura ba ta da rai, ba ta da hankali, don haka ba a yi wa kowa ƙarya ba. Hujjar tana da ɗan tushe. Tun 1995 manhajar Internet Explorer ta fara gabatar da kanta da sunan Mozilla, sunan da Netscape ke amfani da shi, domin shafuka su ba ta abin da suke ba abokiyar gasarta. Har yau Chrome da Safari da Edge duk da wannan suna suke fara gabatar da kansu. Kowa ya sani, ba wanda ya yi asara, abin ya zama al'ada. Ashe ba kowane bayani da ya saɓa wa zahiri ne yaudara ba.

To amma na'urar da ke gadi wakiliya ce. Mutum ne ya girke ta, shi ya gaya mata wanda za ta bari, kuma shi ne asara za ta faɗa wa. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da izini ba, har ta ce ko ba a tarar da kowa a ciki ba kada a shiga sai an ba da izini. Rashin mai gadi mai wayo bai taɓa zama izini ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan dabara, suna kiranta hila: a bi zahirin doka domin a kuɓuce wa manufarta. Imam Bukhari ya ware mata littafi guda a cikin Sahihinsa, Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kanta, Suratul A'araf kuma ta kawo labarin mutanen da aka hana su kamun kifi ranar Asabar suka ƙetare haddi. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya kasa ta gida uku: wadda ba shakka ɓatacciya ce, irin ta munafukai, wadda ba shakka ta halatta, irin furta kalmar kafirci ga wanda aka tilasta, da wadda ake saɓani a kanta. Ma'auninsa shi ne ko dabarar ta rusa manufar shari'a ko ba ta rusa ba.

Da wannan ma'auni, abin da ya faru a Amurka a 2010 bai da wahalar hukuntawa. Daniel Spitler da Andrew Auernheimer sun gano cewa shafin kamfanin AT&T na bayar da adireshin imel na mai iPad ga duk buƙatar da ta zo da kamannin iPad da lambar katin layi. Aka rubuta manhaja ta yi ta cewa ita iPad ce, aka kwashe adireshi kusan 114,000, aka miƙa wa 'yan jarida. An yanke wa Auernheimer ɗaurin wata 41 a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014 saboda an yi shari'ar a jihar da ba ta dace ba. Masu kare shi sun ce kamfanin ne ya bar ƙofa a buɗe, kuma lallai ya yi sakaci. Amma layi guda ya isa a nuna ɓarakar. Sauran dubban mutanen ba a tambaye su ba kafin a taɓa sirrinsu.

A Masar kuwa labarin ya sha bamban. A watan Disamban 2016 aka toshe manhajar aika saƙonni ta Signal a ƙasar, masu ita suka sa saƙonni su riƙa nuna sunan Google a waje, ainihin inda za su je yana ɓoye a ciki. Mai tacewa ba ya iya tare su sai ya rufe Google gaba ɗaya. Dabarar ta yi aiki har zuwa 2018, lokacin da Google da Amazon suka toshe wannan hanya. A nan shingen ba dukiyar kowa yake tsarewa ba, hana mutane magana a asirce yake yi. Ɗan jaridar da ke tsoron kamu yana da uzurin da ya fi kusa da na wanda aka tilasta, kodayake su ma kamfanonin da aka ari sunansu suna da haƙƙin cewa ba su yarda ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Shekara da shekaru matasa na yaɗa hanyoyin shiga intanet ba tare da sayen data ba, da yawansu ta hanyar sa buƙata ta yi kama da mai zuwa shafin da kamfani ya bari kyauta. Sukan ce data ta yi tsada, kuma tana ƙarewa ba a san inda ta tafi ba. Koken na iya zama gaskiya, kuma akwai hukumar sadarwa ta NCC da ke sauraron irinsa. Amma tsadar kaya ba ta halatta ɗaukarsa ba biya, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Haka ma'aikacin da ya sa hannu kan ƙa'idojin ofis, sannan ya zagaye matacin ofishin a ɓoye, amana ya ci ko da ba wanda ya gan shi.

Saboda haka hukuncin yana bin haƙƙin da ke bayan shingen. Inda dukiyar wani ce, ko sirrinsa, ko alkawarin da aka ɗaukar masa, ƙirƙirar bayanin ƙarya don a wuce yaudara ce, kuma haramun ce. Inda shingen kansa zalunci ne, akwai uzuri gwargwadon larura. Wanda ya gano ɓaraka a na'urar wani, abin da ya hau kansa shi ne ya sanar da mai ita domin ya gyara.