Baƙon Yini Ɗaya a Ngel Nyaki

Da asuba muka bar Gembu, hazo ya lulluɓe tuddai, sanyi yana ratsa ƙashi. Da hantsi muka isa ƙauyen Yelwa, daga nan kuma sai tafiyar ƙafa. Inda muka nufa shi ne Ngel Nyaki, kurmin da ke maƙale a gefen tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a tudun da ya kai kimanin mita 1,500 daga doron teku. Tun shekarar 1969 aka keɓe shi domin kare itatuwansa da namun da ke cikinsa. Yini ɗaya gare ni, burina ma ɗaya ne: in ga cimfanzi, birin nan da ya fi yawancin dabbobi kama da ɗan Adam, wanda irinsa na wannan yanki ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru.

Ban gan shi ba. Mun yini muna gangara kwari muna hawa, muna zamewa a kan ruɓaɓɓen ganye. Abin da dattijon da ya yi mana jagora ya iya nuna mini shi ne wata sheƙa ta rassa a can ƙololuwar itace, irin wadda birin yake haɗawa kowane dare ya kwana, gari ya waye ya bar ta. Raina ya ɓaci, har na ce masa na yi asarar kuɗin mota da na jagora. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ka yi niyyar ganinsa. Shi bai yi maka alkawari ba."

Wannan magana ce ta fara jefa ni cikin tambayar da nake so in tattauna: mene ne haƙƙin baƙon yini ɗaya a kan irin wannan wuri, kuma mene ne haƙƙin wurin a kansa?

Na shiga kurmin da zuciyar mai ciniki. Na biya, saboda haka a ba ni. Amma da na natsu sai na gane cewa abin da ya hana ni ganin birin shi ne abin da ya raya shi har yau. Tsoron mutum ne garkuwarsa. Birin da ya saba tsayawa baƙo ya ɗauke shi hoto, zai tsaya wa mafarauci ma, domin ba ya rarrabe mai kyamara da mai bindiga. A gidan namun daji na cikin birni ana tsare dabba domin idon mutum. A nan kuwa mutum ake taka wa birki domin ran dabba. Ashe kuɗina izinin shiga kawai suka saya mini, abin da ya rage kuma rabo ne.

Da la'asar muka fito bakin kurmi, sai ga tudu baƙi ƙirin, an ƙone ciyawarsa. Wani yaro makiyayi yana tsaye da sandarsa, shanunsa farare suna kiwo dab da iyaka. Makiyaya kan cinna wa busasshiyar ciyawa wuta da rani domin sabuwa ta tsiro, wutar kuma takan lashi bakin kurmi, shanu su tattake ƙananan itatuwan da suka tsira. Nan take na yanke wa yaron hukunci a zuciyata: ga mai ɓarna. Ban yi taku goma ba kunya ta kama ni. Ni da zan kwana a masauki, gobe in gangara Serti in kama hanyar gida, wace asara na yi domin wannan kurmi? Shi kuwa kowace taki da aka killace, daga bakin shanunsa aka cire ta.

Wani zai ce to baƙo ya yi shiru ke nan, tunda baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya bushe. Ban yarda da wannan ba. Gaskiya ba ta tambayar kwana nawa mai faɗinta ya yi a gari. Wuta tana cin kurmi ko na faɗa ko na yi shiru. Masu binciken da suka kafa sansani a wurin sun daɗe suna nazarin yadda birai da tsuntsaye ke cin 'ya'yan itace su yaɗa irinsu. Akwai manyan ƙwallaye da sai babbar dabba irin cimfanzi ke iya haɗiye su ta kai su nesa. Idan birin ya ƙare, waɗannan itatuwa za su ragu sannu a hankali. Idan itatuwa suka ragu, rafukan da ke fitowa daga inuwarsu za su janye da rani, kuma a rafukan nan shanun yaron suke sha. Saboda haka kare kurmin daidai ne, har ga makiyayin kansa. Sai dai amfanin yana nesa, kowa zai ci, wahalar kuwa tana kusa, mutane ƙalilan ne ke ɗauke da ita.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Magabatanmu sun san hurumi, filin da ake hana noma domin amfanin jama'a. A tarihin Musulunci ma, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya keɓe makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya kuma umarci mai gadinta ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya hana garken attajirai. Dalilinsa shi ne, mai arziki idan dabbobinsa suka halaka yana da gonaki da zai koma wa, talaka kuwa sai ya zo da 'ya'yansa yana kuka. Ba ina cewa a buɗe wa shanu Ngel Nyaki ba, domin ɗan kurmi irin wannan ba zai jure kofato ba. Abin ɗauka a nan shi ne, duk wanda ya ja iyaka, wajibinsa ne ya tambayi wa zai kwana da yunwa saboda ita, ya kuma nema masa mafita: wurin kiwo, mashaya, aikin gadi ko na jagora ga 'ya'yansa. Iyakar da ba ta kula da cikin maƙwabci ba, ashana ɗaya ta ishe ta.

To ina matsayin baƙo? Haƙƙinsa ƙarami ne: ya shiga da izini, ya kalli abin da Allah ya nufe shi da gani. Abin da ke kansa ya fi haka nauyi. Kada ya bar leda ko gwangwani, kada ya matsa wa jagora ya kutsa da shi inda dabba ke ɓuya. Ya biya ladan jagora ba tare da ƙwauro ba, ya sayi abincinsa a ƙauyen, domin mutanen Yelwa su ga cewa biri mai rai yana kawo musu wani abu. Mafi girma kuma, ya riƙe amanar labari. Mu baƙi mu ne ke komawa birni mu yi rubutu, masu hukunci kuma mu suke ji. Idan na ba da labarin kurmi na manta da yaron, ko na sa shi a matsayin mugu, na yi shaidar zur da rabin gaskiya.

Magariba ta same mu a hanyar Yelwa. Na ƙara wa dattijon wani abu a kan ladansa, na kuma nemi gafarar maganar da na yi da rana. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ɗana. Ai wataƙila shi ya gan ka." Hotuna biyu kawai na riƙe daga wannan tafiya: sheƙar da babu kowa a cikinta, da yaron nan tsaye a kan toka. Duk wanda ya tambaye ni Ngel Nyaki, tare nake nuna masa su.