Motar da aka ɗaure a turke, amanar wa ce?

 

Ranar Talata bayan sallar isha'i wani ɗan'uwanmu da ke gadi a wani babban kanti ya tsayar da ni a ƙofa. Ya ce an kafa musu wurin cajin motar lantarki a filin ajiye motoci, mutum zai zo ya jona motarsa ya shige ciki ko ya tafi harkarsa, ita kuma tana nan a tsaye kamar akuya a turke. Wata rana ya ga wasu samari biyu suna zagayen wayar, suna ɗaga ta suna jin nauyinta. Ya ce mini: "Malam Sakatare, ni ƙofa aka ɗauke ni in tsare, ba wanda ya ba ni ajiyar mota. In na kau da kai, akwai laifi a kaina?" Na ce ya bari in yi tunani, in kuma tuntuɓi liman. Ga abin da na samu.

Waɗannan motoci sun fara shigowa cikinmu. Tun 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a nan Legas, a 2021 aka buɗe wurin caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Legas da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sannan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sa mutane da yawa suka fara waiwayarsu. Mai motar fetur minti biyar ya ishe shi a gidan mai, idonsa na kan motarsa. Mai ta lantarki kuwa, ko a na'ura mai sauri sai ya ba ta rabin awa zuwa awa guda, a mai jinkiri kuma awoyi da yawa. Dole ya bar ta. A nan ne ake kartar mata fenti, ko a fasa gilashi, ko a zare filogi don mugunta, ko a datse wayar saboda jan ƙarfen da ke ciki. A Amurka abin ya yi yawa a garuruwa irin su Siyatil da Miniyapolis. Abin takaici, a 2024 jan ƙarfen waya ɗaya bai wuce dala 20 ba a wurin masu sayen gwangwan, alhali sake ta ya kan ci kusan dala 1,000. Wato don ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a jawo wa wani asarar ninki hamsin, a kuma bar duk wanda ya zo caji bayan nan a tsaye.

To, mu fara da zuciya, don daga nan ɓarna take tasowa. Na san abin da wasunmu ke rayawa, ni ma na taɓa jin sa: mu mu kwana cikin duhu da zafi, sai an biya ɗari biyu a shago kafin a yi cajin waya, ga motar wani tana shan wuta dare da rana. Wannan ɓacin rai yana da dalili, ba zan ce babu ba. Amma mai motar ba shi ya ɗauke mana wuta ba, kuma in ka karce motarsa ko ƙwan fitila ɗaya ba zai kama a ɗakinka ba. Ba ma duka masu kuɗi ba ne; wani direban haya ne da ya karɓi motar bashi, kullum sai ya kai balas. Shari'a ba ta ce dukiya tana da alfarma in mai ita talaka ne ba, ko in Musulmi ne, ko in yana tsaye a kanta. Alfarmarta tana nan ko yana nan ko ba ya nan. Mu tuna da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumin da ya ɓata, ya hana a taɓa shi, a bar shi har mai shi ya zo. Ina ga abin da ba ɓata ya yi ba, mai shi ne ya ɗaure shi da hannunsa zai dawo?

Sai tambayar maigadi. Gaskiya ne ba a ba shi makulli ba, in an yi ɓarna ba shi zai biya ba matuƙar ba ya cikin sharuɗɗan aikinsa. Sai dai akwai bambanci tsakanin abin da za a ci ka tara a kai da abin da Allah zai tambaye ka. A hadisin haƙƙin hanya da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an sharɗanta wa mai zama a bakin hanya ya kame daga cutarwa, ya yi umarni da alheri, ya hana mummuna. Wanda zama kawai ya yi ke nan, balle wanda ake biyansa don ya zauna a wurin. Ba a ce ka kama kokawa da mai wuƙa ba. Ka yi gyaran murya, ka haska tocila, ka busa usur, ka kira manaja. Sau da yawa ɓarawo ido kawai yake tsoro. Kuma ka ceci shi kansa yaron, don wutar da ke bi ta wayar caji mai sauri tana iya kashe mutum nan take.

Wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne mai sikeli. Da yawa a cikin sahun nan sana'armu ke nan, gwangwan da bola jari, sana'a ce ta halal da ta ciyar da gidaje daga nan har Kano da Katsina. Amma yaro ba zai yanke waya ba in bai san inda zai kai ta ba. In an kawo maka waya sabuwa fil, mai kauri, an datse ta kai da gindi, da tsakar dare, kai ma ka san ba a juji aka tsinto ta ba. Kar ka ce "ni dai saye na yi". Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi, kuma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ka tambaya, ka rubuta sunan mai kawo kaya, in zuciyarka ba ta kwanta ba ka ce ba ka saye. Ribar kilo biyu ba ta kai mutuncinka ba.

Mai mota ma da nasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya kulle motarsa don filogin ya kama, ya zaɓi wuri mai haske da jama'a, kar ya bar jaka a kan kujera. A ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma ya gaisa da maigadi kamar mutum.

'Yan'uwa, mu baƙi ne a garin nan, kuma mun san yadda ake yi mana kuɗin goro. Mutum ɗaya ya yi, a ce "Hausawa ne". Mun ga yadda zargi kawai ya ci rayukan matafiya 16 a Uromi a watan Maris na 2025. Wannan zalunci ne, babu abin da zai wanke shi. Amma ya isa ya nuna mana cewa wake ɗaya yana ɓata gari, kuma waɗanda ba su ji ba su gani ba su ke biya. Kakanninmu da suka zauna a Agege da Sabon Ibadan, da riƙon amana suka samu wurin zama: a ba su shanu da goro bashi ba takarda, su cika alkawari. Wannan suna shi ne jarinmu, kar mu sayar da shi a kan sikeli.

Ga amsar da na mayar wa ɗan'uwanmu: ba za a ci ka tara ba, amma kar ka kau da kai. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara mini. Allah Ya ba mu halal ɗinmu, Ya tsare mu da 'ya'yanmu daga taɓa kayan mutane. Amin. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci