Idon Na'ura, Alhakin Mai Ita

Mai sha'awar ƙere-ƙere kan ɗora ƙaramar kyamara irin ESP32-CAM a kan mutum-mutumin da ya haɗa, ta riƙa aiko masa hoto a waya ta Wi-Fi. Daga nan ganinsa ya zarce inda ƙafarsa ta tsaya, kuma hukunci yana bin ganin. Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana leƙen asirin mutane. Wani zai ce ai na'ura ce ta shiga. To, an shar'anta neman izini ne saboda ido, kuma hannun mai na'urar ke juya kyamarar. Koyon ƙirar halal ne, amma a kulle hoton da kalmar sirri, a nemi yardar maƙwabci kafin gwaji.