Tsaron gida: dabara ce ko tsoro?

A hutun da ya wuce na ɓata da wani abokina saboda wasan da bai kai minti goma sha biyar ba. A gidan PlayStation na unguwarmu ne, inda ake biyan dala ashirin kowane wasa, wanda aka ci ya biya ya tashi, wanda ya ci ya ci gaba da riƙe manet. FIFA 23 muka buga. Shi ya ɗauki Manchester City, ni na ɗauki PSG. Na jera ƴan baya biyar, ƴan tsakiya uku, na bar biyu a gaba. Ya yi ta zagayawa da ƙwallo a bakin gidana kamar mai neman ƙofa a jikin katanga. Can wajen minti na tamanin ƙwallo ta kuɓuce masa, na danna triyangil, Mbappé ya sheƙa, ci ɗaya. Sau biyu kacal na buga wa raga a duk wasan.

Ya aje manet ya ce: "Wanga ba ci ba na, sata ta. Kai dai matsoraci na." Yara suka bushe da dariya, ni ma na yi. Amma da na kwanta maganar ta hana ni barci. Shin wanda ya kulle gidansa ya jira kuskuren abokin karawa, nasararsa tana da mutunci?

Amsar da ta fara zo mini ita ce e, har da hujjoji. A watan Afrilun 2010 Inter Milan ta Mourinho ta je Camp Nou bayan ta ci Barcelona 3-1 a gida. Tun kafin a cika rabin awa aka ba Thiago Motta jan kati. Mutum goma suka tare Messi da Xavi sama da awa guda, har Samuel Eto'o, ɗan gaba sukutum, ya koma yana tsare gefe. An ci su 1-0, amma su suka wuce, su kuma suka ɗauki kofin. A 2022 Maroko ta buga wasa biyar kafin wasan kusa da na ƙarshe, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarta, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida. Wa zai kalli waɗannan mutane ya ce matsorata ne? Mai ƙaramin ƙarfi ba dole ba ne ya yi faɗa da salon da babba ya zaɓa masa. Duk wanda ya ce sai ka buɗe gida kafin ya yarda kai namiji ne, sau da yawa so yake ka sauƙaƙa masa aiki.

Akwai kuma tsaron da tsoro ne zalla, mu ƴan Nijar mun ci ribarsa. A Oktoban 2011 Afirka ta Kudu ta lallaɓa ta yi 0-0 da Saliyo, ƴan wasanta suna rawa a fili, a zatonsu sun wuce. Ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Mena ce ta tafi CAN 2012, karonta na farko, duk da a ranar Masar ta ci mu 3-0. Sun tsare gida, sun manta da abin da suka fito nema.

To ni a wane ɓangare nake? Da na sake duba wasan a zuciyata sai na ga ba na cikin ko ɗaya, kuma nan ne kunya ta kama ni. Na farko, ni ba mai ƙaramin ƙarfi ba ne, PSG na riƙe, da ɗan wasan da aka ba wa gudu 97. Na biyu, ban tsare komi da hannuna ba. Ɗan tsakiya ɗaya na riƙe ina kai da komo da shi, yatsana a kan R1 don na'ura ta tura wani ya matsa wa mai ƙwallo. Ƴan bayan nan biyar ban taɓa su ba. Na'ura ce ta jera su, ita ta rufe ramuka.

A filin gaske wannan layi na baya da watanni ake gina shi. Sai an yi magana, an yi ihu, kowa ya san inda ɗan uwansa zai taka. Minti casa'in ne na gumi da fargaba, ga ihun ƴan kallo, ga ƙafa ta yi nauyi, kuskure ɗaya ya rushe komi. Shi ma harin ramuwa, sai wanda ya ƙwace ƙwallo ya ɗaga kai a gajiye ya auna bugu daidai. A manet kuwa an matse minti casa'in cikin sha biyu, kuma na'ura na gyara maka bugun. Masu yin wasan sun san da matsalar. Tun FIFA 12 suka sauya tsarin tsaro don mutum ya auna lokacin tarewa da kansa, amma har yau ƴan wasa na kukan cewa kwamfuta na tsare wa malalaci gida.

Wani zai ce: ai doka ba ta hana ba. Gaskiya ne. Kuma abokina ma ba tsarkakakke ba ne, ƙananan bugun da yake taƙama da su na'ura ce ke saita masa rabinsu. Saboda haka ban yarda sata na yi ba. Laifina shi ne bugun ƙirji. Abin da ya ba Inter da Maroko mutunci shi ne wahalar da suka biya da jikinsu. Ni na karɓi yabon, wahalar kuwa wani ya ɗauka.

Ƴan uwa ɗalibai, mun san wannan hali a wajen allo ma. Aikin rukuni a lakwal: mutum biyu su kwana suna rubutu, na uku ya ɓace, ranar gabatarwa ya fito da riga mai guga ya karanta kammalawa, malam ya ba kowa maki ɗaya. Bai karya doka ba. Amma in ya fita yana cewa "aikina", ya yi wa kansa ƙarya kafin ya yi wa kowa.

Bayan kwana uku na same shi a fada, na ce mu sake. Na bar ƴan bayana biyar yadda suke, don har gobe ban ga aibin tsarin ba, sai dai na yi alkawarin ba zan taɓa R1 ba, kuma duk wanda zai tare ni zan juya shi. Ya ci ni 3-1. Ƙwallo biyu laifina ne ƙarara, na fito da ɗan baya lokacin da bai kamata ba. Amma akwai wata tarewa guda a farkon wasa, na jira, na jira, na sa ƙafa daidai, daga nan cin nawa ya fito. Na biya dala ashirin na tashi. Har yanzu yana kirana matsoraci, amma shi ya zuba mini shayi na farko a daren.